Hutun Kwana Biyu a Bakin Tafkin Madarunfa, da Abin da Tsibiran Girka Suka Riga Mu Sani

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a wayoyin samari da ƴanmatan Maraɗi: fararen gidaje sun hau kan juna a gefen dutse, ga ƙubba shuɗiya, ga teku shimfiɗe a ƙasa, rana tana shirin faɗuwa. Masu ɗaukar hoton aure ma sukan tsayar da ango da amarya a gaban irinsa. Da yawansu ba su damu da sunan wurin ba. Ƙauyen Oya ne, a tsibirin Santorini na ƙasar Girka, tsibirin da mazaunansa ba su kai dubu 16 ba, amma baƙin da ke sauka a kansa a shekara sun haura miliyan 3.

Mu ɗan yi lissafi. Girka ba ta da ofishin jakadanci a Yamai, mafi kusa da mu yana Abuja. Kuɗin neman bizar Shengen tun watan Yunin 2024 Yuro 90 ne, wato wajen jika 59 na sefa, kuma in an hana ka ko dala ba a mayar maka. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Ba a ma zo ga kuɗin jirgin sama ba, wanda sai ya yada zango a Istanbul ko wani birnin kafin ya kai ka Atina. Daga can ka gangara tashar Pireyus, ka hau jirgin ruwa, ka yi awa biyar zuwa takwas a kan teku. Abin da hutun kwana huɗu irin wannan zai ci ya isa jarin ƙaramin shago a babbar kasuwar Maraɗi.

Kilomita 25 kacal kudu da Maraɗi kuwa akwai ruwa, kuma babu mai tambayar ka biza.

Tafkin Madarunfa na cikin manyan tafkunan da ba su ƙafewa a tsakiyar kudancin Nijar. Ruwan Gulbin Gabi da na Gulbin Maraɗi ne ke ciyar da shi. Girmansa yana bin shekara: bayan damina mai kyau yakan bazu ya kai wajen kadada 800, da bazara ya janye ya bar laka, manoman rani su bi bayansa da shukar tumatir da albasa da sauran kayan lambu. A watan Disambar 2019 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, da faɗin kadada 524, tare da tafkin Gidimuni na jihar Damagaram. Kusa da shi akwai kurmin da aka keɓe tun zamanin Faransawa, mai kadada 830. A ƙasar da ake iya tafiyar yini guda a mota ba a ga ruwan da ya kai gwiwa ba, wannan ba ƙaramin arziki ba ne.

Wanda ya zo daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne ya zo a kan gaɓa. Tafki a cike yake, zafi ya sauka, sauro ya ragu. Da asuba hazo yakan kwanta a kan ruwa, masunta suna tura kwale-kwale da gora, wani yana jefa birgi, wani yana duba mamarin da ya kafa tun jiya da yamma. Kafin hantsi mata masu sayen kifi sun jeru a gaɓa da kwanoni, ana ciniki ana musu a kan karfasa da tarwaɗa. Abin da bai tafi Maraɗi ɗanye ba sai ya shiga mai ko ya hau banda. Kifin da aka soya a bakin ruwan da aka kamo shi, da ɗan yaji da albasa, ga kwaɗon zogalen Jiratawa a gefe: ni dai ban ga abin da gidan abincin Santorini zai gwada wa wannan ba, sai dai farin mayafin tebur.

Sai tsuntsaye. Balbela da zalɓe da kirinjijiya ƴan gida ne. Shamuwa baƙuwar damina ce, da ita ake sanin ruwa ya kusa. Amma da sanyi akwai waɗansu ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin ruwa da ke sauka, waɗanda a Turai suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe, suka tsallake Bahar Rum da Sahara don su yi hunturu a dausayoyin Sahel. Ɗaya daga hanyoyin da masu irin wannan ƙaura ke bi ta kan tsibiran Girka ta ratsa. A ɗan tsibirin Antikitira har tashar masu nazari aka kafa, suna kama tsuntsayen suna sa masu zobe a ƙafa, su sake su su ci gaba da tafiya Afirka. Bature mai sha'awar tsuntsu yakan biya kuɗi mai yawa don ya ga abin da yaron Madarunfa ke kora daga gonar ubansa.

Waliyai casa'in da tara

Duk da haka, ba ruwan ne ya fi jawo mutane Madarunfa ba, kuma ba tsuntsayen ba ne. Kaburbura ne. Mutanen garin sun gada daga kakanni cewa waliyai 99 ne ke kwance a kewayen tafkin. Waɗansu kaburburan an kewaye su da ɗan gini, waɗansu kuwa sai dattijon da ya san wurin ya nuna maka. Masu ziyara suna zuwa daga sassan Nijar da arewacin Najeriya, a yi sallama, a yi addu'a, a ba da sadaka, a wuce na gaba. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa wa UNESCO sunan wurin cikin jerin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin gadon duniya, ta haɗa abubuwa uku a takarda ɗaya: kurmin, da tafkin, da kaburburan. Har yau yana cikin jerin jira. Waɗanda aka riga aka amince wa Nijar uku ne: Ayar da Tenere a 1991, gandun dajin W a 1996, da tsohon birnin Agadas a 2013.

Wanda ya san Maraɗi ya san wannan magana ba ta rasa gardama. Tun da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu gindin zama a tsakanin ƴan kasuwar birnin, ziyarar kaburburan waliyai ta zama abin da ake sa wa ido. Wani ya ce ziyarar kabari sunna ce don tuna lahira da yi wa mamaci addu'a, abin da ya wuce haka ba ya halatta. Ɗan ɗarika ya ce neman albarkar bayin Allah na gari abu ne da ya tarar malamansa suna yi. Wannan hukunci na malamai ne, ba na mai rubuta rahoto ba. Abin da ido ke gani dai shi ne, gida ɗaya yakan cika mota ɗaya, tsohuwa ta tafi wajen waliyai da carbinta, ɗanta da ba ya ra'ayin haka ya zauna bakin ruwa yana jiran kifi ya soyu, jikoki suna roƙon a sa su a jirgi. Da la'asar a haɗu a koma gida.

A nan ne tsibiran Girka suka fi kama da mu, ba a hoton faɗuwar rana ba. Tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido, ziyarar ibada ce ke kai mutane tsibiran nan. Delos, ɗan tsibirin da ke kusa da Mikonos, wuri ne mai tsarki a wajen Girkawan dauri, har aka kafa doka fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa cewa ba a haihuwa a kansa, ba a mutuwa a kansa. Mai ciki da mai jinya sai a tsallakar da su tsibirin maƙwabta. Yau ma baƙo ba ya kwana a Delos, da safe jirgi ke kai shi, da yamma ya maido shi. A tsibirin Tinos kuwa, inda aka tono wani hoton Nana Maryamu a 1823 aka gina masa majami'a, duk ranar 15 ga Agusta dubban Girkawa ke cika jirage. Waɗansu mata tun daga tashar jirgi suke rarrafe a kan gwiwa har ƙofar majami'ar da ke kan tudu, don cika alkawarin da suka ɗauka. Masu masauki da masu abinci da masu sayar da kyandir na Tinos da waɗannan baƙi suke ci, kuma mafi yawansu ƴan ƙasa ne.

Wannan batu na ƴan ƙasa shi ne nake ganin an daɗe ana tsallakewa a Nijar. Shekara da shekaru, in hukuma ta ce yawon buɗe ido, Bature take nufi, mai kyamara, wanda zai sauka Agadas ya hau raƙumi. Tawayen 2007 ya katse wannan kasuwa. Tseren motocin Paris-Dakar ya bar nahiyar bayan an soke na 2008. Ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga suka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Kure, wurin raƙuman dawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ofishin jakadancin Faransa ma ya rufe. Wanda ke jiran Bature ya zo ya raya bakin tafkin Madarunfa zai daɗe a tsaye.

Amma Bahaushe matafiyi ne, sai dai ba ya son a ce ya fita haka kawai. Sai ya ce biki za shi, ko ta'aziyya, ko ziyara, ko cin kasuwa, ko gaida dangi. Duba yadda gasar kokawa ta Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ke kwasar mutane daga jiha zuwa jiha kowace shekara, su kwana a gidajen ƴan uwa da na abokai. Duba Argungu, inda bikin kamun kifin da aka fara a 1934 ya kai har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ruwan ma dangi ne: Gulbin Maraɗi in ya bi ta Tibiri da Gidan Runji sai ya koma Najeriya ya faɗa Rima, Rima kuma ita ce ke gangarawa ta wuce ta Argungu. Madarunfa tana da dalilin da mutum zai faɗa wa maƙwabcinsa ba tare da an ce ya zama ɗan shaƙatawa ba: ziyara za ni. Abin da ya biyo bayan ziyarar, na kifi da jirgi da iska mai sanyi, riba ce.

Baƙin kuwa ba nesa suke ba. Maraɗi kanta birni ce mai dubban ɗaruruwan mutane, ga ɗaliban Jami'ar Dan Dikko Dankulodo, ga ma'aikata masu hutun Asabar da Lahadi. Katsina tafiyar wajen kilomita 90 ce daga Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma Katsinawa ba baƙi ba ne a nan. Sarautar Maraɗi ta gidan sarakunan Katsina ce da suka baro birninsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau kuma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa mai riƙe da ita. Iyakar da ta raba Jibiya da Ɗan Isa Ingilishi da Faransawa ne suka ja ta a takarda tsakanin 1898 da 1906.

Abin da ke hana ruwa gudu

Na farko shi ne ruwan kansa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, can Gada ake kiran sa. Najeriya ta gina madatsar ruwa ta Jibiya a kansa, mai ɗaukar ruwa wajen kubik mita miliyan 142. Ranar 18 ga Yulin 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, kuma Gada da Gulbin Maraɗi suna cikin waɗanda aka ambata da suna. Takarda dai tana nan. Manoman fadamar Maraɗi kuwa sun daɗe suna kukan cewa ambaliyar da a da ke kwanciya a gonakinsu ta bar masu laka mai albarka ta ragu. Ga kuma yashi: duk itacen da aka sare a tudu, ruwan damina yana kwaso ƙasar da saiwarsa ke riƙe da ita ya zuba a tafki. Tafkin da ba shi da zurfi sosai ba ya jure irin wannan kyauta shekara bayan shekara. Duk wani zancen masauki da lambun shaƙatawa bayan wannan yake zuwa.

Na biyu tsaro. Ba a ɓoye wa mai karatu: gundumar Madarunfa, mai ƙananan hukumomi shida, wato Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma, tana iyaka da yankin da ƴan bindiga suka addaba a Katsina da Zamfara. Satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun tsallako, musamman ƙauyukan da ke wajen Gabi da dajin Baban Rafi. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo jihar Maraɗi. Garin Madarunfa da bakin tafkin ba daidai suke da ƙauyen da ke cikin daji ba, amma mai hankali yana tambayar mutanen gari halin da ake ciki kafin ya taso, ya yi tafiyarsa da rana, kada ya ce zai kutsa kurmi shi kaɗai.

Na uku iyaka. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 don hana shigar da shinkafa. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Ɗan kasuwa yana da hanyoyinsa na bayan gari da ƴan kabu-kabu, amma magidanci da matarsa da ƴaƴa huɗu ba zai bi ta cikin gonaki don ya je cin kifi ba. Ko a buɗe take, yawan shingayen da ake tsayar da mota a sauke fasinja ya isa ya sa mutum ya ce a bari sai wani jiƙon.

Girka ma ba daga sama abin ya faɗo mata ba. Ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 10, amma a 2023 ta karɓi baƙi fiye da miliyan 32. Tsibiranta sun kai dubu 6 in an haɗa da ƙanana, waɗanda mutane ke zaune a kansu kuwa ɗari biyu da ƴan kai ne. Abin da ya mai da su wurin hutun kwana uku ko huɗu abu ne da ba ya fitowa a hoto: jadawali. Mutum yana zaune a gidansa ya san jirgin da zai tashi daga Pireyus ƙarfe nawa, ya tsaya Paros, ya tsaya Naksos, ya isa Santorini, ya san kuɗinsa, ya san inda zai kwana. A Madarunfa kuwa komai sai an je an gani. Nawa ne zagaye a kwale-kwale? Ya danganta da rigar da ka sa. Ina mace za ta kewaya, ina za ta yi alwala ta yi salla a tsanake? Wa zai raka baƙo kaburbura ya ba shi tarihin da ya dace, ba wanda aka ƙirƙira don sadaka ta ƙaru ba? Waɗannan ba su buƙatar biliyoyi. Rumfuna masu tsabta, makewayi, allo mai farashi, rigunan kariya daga nutsewa, da yarjejeniya tsakanin magajin gari da Sarkin Ruwa da masu kula da kaburbura, aikin shekara guda ne ga ƙaramar hukumar da ta sa kanta.

Rigar kariyar nan kada a raina ta. A Satumbar 2000 jirgin Express Samina ya daki dutse a bakin tsibirin Paros, mutum fiye da 80 suka mutu, aka ɗaure waɗansu ma'aikatansa, aka tsaurara dokoki. Mu a nan kusan kowace damina sai an ji kwale-kwale ya kife a wani kogi na Nijar ko Najeriya saboda lodi ya yi yawa. Ranar sallah da yara suka cika bakin tafki, mai jirgi ɗaya da kwaɗayi ya ja ya ɗauki ashirin a wurin goma ya isa ya ɓata sunan wurin na shekaru.

Akwai kuma abin da bai kamata a kwaikwaya ba. Santorini ta ƙoshi har ta fara amai. Akan samu ranar da manyan jiragen yawon teku za su zube mutum fiye da dubu goma a tsibirin, lungunan Oya su toshe, mazauna su kasa fita sayen burodi. Ruwan sha sai an tace na teku. Malaman makaranta da likitocin da aka tura aiki can suna rasa ɗakin haya, don masu gidaje sun gwammace baƙon kwana uku. Jakai da alfadaran da ke hawa da baƙi matakala kusan 600 daga tsohuwar tasha zuwa garin Fira sun sha wuya har a 2018 gwamnati ta hana ɗora masu abin da ya wuce kilo 100. Daga 2025 duk fasinjan jirgin yawo da ya sauka Santorini ko Mikonos a tsakiyar lokacin zafi sai ya biya Yuro 20, wajen jika 13. A farkon 2025 kuma ƙasa ta yi ta girgiza makonni, dubban mutane suka bar tsibirin, aka tuna cewa kyan wurin nan gaba ɗaya bakin dutse mai aman wuta ne da ya fashe wajen shekara 3,600 da suka wuce.

Madarunfa ba ta kusa da irin wannan cunkoso ba, amma alamunsa na farko ba su da wuyar ganewa: leda a bakin ruwa, mai kuɗi daga birni ya sayi gaɓa ya kewaye da katanga, masunci ya rasa inda zai ɗaure jirginsa, makiyayi ya rasa mashaya. Sannan irin hutun Mikonos, na giya da kiɗa har asuba, ba shi da wurin zama kusa da kaburburan da mutane ke girmamawa. Waɗanda suka ga tarzomar da ta tashi a Maraɗi a Nuwambar 2000, lokacin bikin nuna tufafi na FIMA da aka yi a Yamai, ba sai an yi masu bayani ba.

Abin da zai iya sauya lissafin nan gaba shi ne layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon wajen kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil. Ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi, ya ratsa gundumar Madarunfa kafin ya shiga Maraɗi. Don kaya da fasinja aka tsara shi, jirgin da ya ɗauki buhu zai ɗauki mutum. Bakano zai iya tasowa ranar Juma'a bayan masallaci ya kwana Maraɗi, Asabar ya yini a bakin tafki, Lahadi ya koma.

Kafin jirgin ya iso, tafiyar a mota ce ko a babur. A taso daga Maraɗi da sassafe don a tarar da masunta suna fitowa. A riƙe katin shaida saboda shingayen jandarma, a riƙe canji, a zo da tabarma da ruwan sha. In za a shiga wajen kaburbura a fara gaida dattijon da ke wurin, a ce Allah gafarta Malam, mun zo ziyara, a tuɓe takalmi inda ya ce a tuɓe, kada a ɗaga waya a ɗauki hoton mai addu'a ba da izninsa ba. A yi ciniki da mai jirgi tun ana tudu, a ƙirga mutanen da zai ɗauka. In la'asar ta yi sanyi a kama hanya, a yi magariba a Maraɗi.